Fitilar Babandi

A wani daji mai tafiyar awa guda daga Lafia akwai ramukan da ake haƙar ma'adinai, kuma duk wanda ya taɓa aiki a wurin ya san Babandi, ko da da sunan Baba Fitila ya san shi. Shi ne mai igiya: shi ke zura mutum cikin rami, shi ke jawo bokitin dutse, shi ke fito da ma'aikata in an tashi. Mutumin Kwandere ne. Ya fi shekara ashirin yana haƙar rijiya daga Shabu har Azuba, kafin masu injin burtsatse su kashe masa kasuwa, gwiwa kuma ta fara yi masa gardama.

Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar fitilar ƙwai da ba ya rabuwa da ita. Kowace safiya sai ya kunna ta, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta har ƙasan rami. In ta dawo tana ci, a shiga. In ta mutu, to iskar ƙasa ta ɓaci, kowa ya nemi inuwa ya zauna. Samarin wurin, masu tocila a goshi da waya a aljihu, abin dariya suka mai da shi. Shugaban masu tsokanar kuwa Torkula ne, wani Tibi mai ƙirar ƙarfi da bakin da ba ya hutawa. Kullum sai ya tambayi Baba ko fitilar ta gaishe da mutanen ƙasa.

Babandi kan ci gaba da zura fitilarsa. Bai taɓa gaya musu cewa a wata rijiya a Shabu abokin aikinsu ya yanke jiki ya faɗi a ƙasa ba, Abdulsalami, ƙanen Babandi, ya bi shi babu igiya, aka fito da gawa biyu. Abin na cinsa har yau, kuma shi ba mutum ne mai raba baƙin cikinsa da yara masu dariya ba.

Wata rana an kwana ana ruwa, hanya ta lalace, mashin ɗin da ya ɗauko Babandi ya maƙale a taɓo. Sai da hantsi ya iso. Tun daga nesa kunnensa ya gaya masa akwai matsala: yana jin ƙarar injin jan ruwa, amma ƙarar daga cikin ƙasa take fitowa. Ashe ruwa ne ya taru a ramin, tiyo ya gaza tsawo, sai Oga Luqman mai kula da aikin ya ce a ɗaure injin a zura shi ciki. Dabara ce da kowa ya yaba. Da tiyon ya toshe, Torkula ya sauka ya gyara. Ya yi wata 'yar waƙa a ƙasa, daga nan aka daina jin muryarsa.

Babandi ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin rami suna kiran suna. Wasu har sun fara cewa ai dama ramin nan yana da masu shi. Yayan Torkula, Aondona, ya riga ya tuɓe riga, ƙafarsa ɗaya na kan matakalar farko. Tsohon da ke ɗingishi bai san lokacin da ya yi tsalle ya cafke wandonsa ba.

"Baba, abeg, ka sake ni," in ji Aondona. "Ƙanina ne yana ciki."

"Na sani. In ka shiga haka, uwarku mutum biyu za ta binne. Za ka shiga, amma da igiyata, kuma sai na ce."

Aondona ya ɗaga hannu kamar zai kai masa duka, Babandi bai ko ƙifta ido ba. Ya juya ga sauran ya shiga ba da umarni, har da Oga Luqman, wanda ya karɓi nasa ba musu don jikinsa ya riga ya yi sanyi. Mutum huɗu suka kama igiyar injin suka jawo shi sama yana ta aman hayaƙi, aka kashe shi. Wasu suka bazama da adduna suka saro rassa masu ganye. Babandi ya ɗaure su dami guda, ya sa ƙarti biyu suna zura damin suna fizgowa da sauri, ƙasa da sama, yadda masu rijiya ke korar mugunyar iska. Wasu kuma suka riƙe tamfol a bakin ramin suna kaɗa iska ciki.

Babandi ya zura fitila. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Babu wanda ya yi dariya.

Aka ci gaba da fifita. Babandi na ji a ransa kowane numfashin da ya ja a sama na Torkula ne yake ƙarewa a ƙasa. Ya ɗaure Aondona a ƙugu da ƙirji, ya ƙulla wata igiyar ya yi mata zarge, ya nuna masa yadda zai zura ta ƙarƙashin hammatar ƙanensa. Ya sake zura fitila. Wannan karon ta kai ƙasa, harshenta ya yi ja ya ƙanƙance, amma tana ci. A haskenta suka hango Torkula a jingine da bango, ruwa ya kai masa ciki.

Babandi ya gaya wa Aondona sharaɗinsa: ya cika ƙirji da iska a sama, kada ya yi magana a ƙasa, in ya zura wa ƙanensa zargen ya girgiza igiya sau uku, kuma daga taɓa ƙasa za a ƙirga talatin a jawo shi, ko ya gama ko bai gama ba.

Aka zura shi. Babandi na ƙirgawa a fili, igiya na gudu a tafin hannunsa. A talatin ya ce a ja. Aondona ya fito yana tangaɗi, idanu jajur, yana zagin tsohon da yaren Tibi da Hausa a haɗe, wai saura hannu ɗaya ya zura aka fizge shi. Babandi ya bar shi ya gama zagin, don mai zagi yana numfashi. Ya sa aka zaunar da shi ana yi masa fifita, damin ganye kuma ya koma aiki. Sannan ya dube shi cikin ido ya tambaye shi sunan ƙauyensu da na uwarsu. Da ya amsa daidai, aka sake zura shi.

A ashirin da biyu igiya ta girgiza sau uku. Babandi bai taɓa jin daɗin wani abu a hannunsa kamar wannan girgizar ba. Aka jawo Aondona, sannan mutum shida suka kama ɗaya igiyar, Babandi na gaba yana hana ta gogar bango, har kan Torkula ya ɓullo yana reto.

Yana numfashi, amma sama-sama. Nan take masu taimako suka taso, wani da kwalbar manja, wani da gwangwanin madara, wai a ɗura masa ya kashe dafin. Babandi ya ture su duka, ya ce wanda bai farka ba ba ya haɗiya, shaƙe shi kawai za a yi. Ya kwantar da shi ta gefe, aka sa shi a bayan a-kori-kurar Oga Luqman inda iska ke bugawa, Babandi da Aondona suka tallabe shi. Oga Luqman ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba har cikin Lafia.

A asibiti wata nas mai suna Francisca ta karɓe su, ta sa wa Torkula abin shaƙar iska, ta kuma tilasta wa Aondona shi ma ya kwanta a sa masa. Da ta ji yadda aka yi, ta ce wa Babandi ya yi aikin hankali, amma ya sani hayaƙin inji yana kisa ko fitila na ci, ƙirgen nan da igiyar su suka tsare Aondona. Babandi ya ɗan ji wa fitilarsa haushi, amma ya riƙe maganar da kyau.

Bayan la'asar Torkula ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ga tsohon zaune a gefen gado, tafin hannuwansa duk sun sale, an naɗe su da bandeji.

"Baba," ya ce da ƙyar, "an ce kai ne ka fitar da ni."

"Yayanka ne. Ni ƙirge kawai na yi."

Babandi ya fita baranda, ya zauna a benci, hawaye suka zubo masa. Ya yi wa Abdulsalami addu'a, kuma a karon farko cikin shekaru ya ji zuciyarsa ta yi sauƙi.

Bayan sati biyu aka koma aiki. Oga Luqman ya sayo tiyo mai tsawo, aka kafa wa injin rumfa can nesa da bakin rami, da dokar cewa ba zai ƙara shiga ƙasa ba. Hannun Babandi bai gama warkewa ba, yana ta kokawa da ashana, sai wani ya karɓe ta daga bayansa. Torkula ne. Ya durƙusa ya goge ƙwan fitilar da bakin rigarsa, ya kunna, ya zura ta a hankali har ƙasa. Wani sabon ma'aikaci da bai san komai ba ya tuntsire da dariya, ya tambaya ko tocila ta ƙare a Lafia ne.

Torkula bai ɗago kai ba. Ya ce masa, "Zauna can, my friend. Ba wanda yana shiga sai ta dawo da wuta, kuma sai Baba ya ce."