Jiniyar Ƙarfe Shida

Inuwa ya hau tsanin rufin ɗakin tukunyar tururi saura minti goma ƙarfe shida. Aikinsa a kamfanin matse man gyaɗa shi ne hura wuta da jan sarƙar jiniya, safe da yamma. Daga rufin yana hango tashar jirgin ƙasa da aka buɗe bara, da taragogin da ke jiran garewanin mai. Yana kuma hango sabuwar unguwar da ta tsiro bayan katangar kamfani: ɗakunan zana da na kwano, mutanen Kano da Biu da Dikwa a cakuɗe. Shekara uku da suka wuce gonar dawa ce wurin.

Unguwar ba ta yi masallaci ba tukuna, ƙarar inji kuma ba ta barin kiran sallar unguwar Hausari ya iso. Saboda haka da azumi ya kama, sai mata suka riƙa buɗa baki da jiniyar tashi aiki. Ba wanda ya tsara hakan. A kwanakin farko rana na faɗuwa kafin shida, babu laifi. Amma yini na ƙara tsawo, kuma jiya da ya ja sarƙar, da idonsa ya ga gefen rana bai nutse ba. Ya faɗa wa maƙwabta uku, kowa ya ce masa ai jiniya ba ta kuskure.

Yau da hantsi ya kai maganar ofishin Pindar, tankifan kamfani, mai rubuta lokacin shiga da fitar ma'aikata.

"Akawu, a bar ni in jinkirta ta kaɗan."

"Malam Inuwa, jiniyar kamfani ce, ba ladan ba ce," in ji Pindar. "Mutum ɗari biyu kake so su ƙara aiki da ƙishi? Su ma ai azumin suke yi."

"Na sani."

"Wanda ka gada, makarar minti biyar ya yi sau biyu manaja ya sallame shi. Wannan ma ka sani?"

Ya san wannan ma. Yini ya yi yana zuba itace a wuta yana juya abin a ransa. Shi bai ce wa kowa rana ta faɗi ba, sarƙa kawai yake ja. To amma wanda ya san abin da za a ɗauka daga aikinsa, ya kuma yi, me ya raba shi da wanda ya furta da baki? In kuma ya jinkirta, mintocin da zai kwashe na lebura ne, ba nasa ba.

Yanzu ga shi a rufi. Agogon bangon ofis ya cika shida. Rana na zaune bisa itatuwan dogon yaro na yamma, ja, ba ta da niyyar sauri. Ya kama sarƙar, bai ja ba.

A ƙasa wani lebura ya ɗaga kai. "Inuwa, barci kake ko aure ka tafi?" Aka yi dariya, amma ba mai yawa ba.

Tsanin ya motsa. Pindar ne ya hawo, littafinsa a hammata, yana haki. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya gefensa ya dubi yamma.

"Sai ta ɓace duka?"

"Duka."

Suka tsaya har jan gefen ya shige. Inuwa ya ja sarƙar, jiniya ta yi kukanta, inji ya lafa.

Pindar ya buɗe littafin. "Shida da minti huɗu. Abin da zan rubuta ke nan, ba na rubuta ƙarya."

"Rubuta, Akawu."

"Gobe fa? Ranar taka ba sauri za ta ƙara ba."

Inuwa ya sauka, ya kurɓi ruwa a randar bakin ƙofa, ya yi salla tare da waɗanda ba su gaishe shi ba, ya nufi gida.

Ya tarar da matarsa Rashida tana wanke kwanonin kunu. Ta ajiye masa nasa a rufe da faifai.

"Sannu da aiki, Malam. Me ya sami jiniyarku yau?"

"Kun ji ta ai."

"Mun ji, amma a makare. Muna zaune shiru shiru, har Aisa ta gidan gaba ta ce ko ta lalace ne. Allah ya taimaka mijinta Ba'ana yana gida, ka san ya sayi agogon hannu. Shi ya leƙo ya ce mana shida ta yi."

"Kuka sha?"

"Duk layin nan muka sha. Da ku muka jira, da mun makara."

Inuwa ya ɗaga faifan, ya daɗe yana duban kunun. Sa'an nan ya mayar ya rufe, ya tambaye ta ko Ba'ana na nan bai fita ba.