Makunni Na Biyar

A shekarun da gyaɗa ke cin kasuwarta a Magarya, tun Nasara bai tafi ba, wani kamfani ya kafa injin ɓarar gyaɗa a bayan gari. Da wutar lantarki injin yake aiki, wutar kuma tana bi ta wani akwatin ƙarfe mai makunnai bakwai, a cikin wani ɗan ɗaki marar taga. Mai kula da akwatin shi ne Illa, mutumin Dungas, wanda ya koyo aikin wuta a soja.

Shekara shida Illa yana ɗakin nan, ban da shi ba wanda ya taɓa tsallaka dokin ƙofar. Leburori sun ce abin da ke kisa ba a ganinsa ba abin wasa ba ne, shi da mai kiwonsa duka. Daga nesa suke gaishe shi. In rana ta take suka zauna cin abinci a gindin gawo, shi a bakin ƙofarsa yake cin nasa. Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, bai sake aure ba. Ba ya ƙorafi, amma ƙarya ne a ce kaɗaicin ba ya cinsa.

Sai doka ta fito cewa kowane akwatin wuta dole a duba shi, a shaida ba shi da haɗari, a kafa wa kowane makunni tambarin da ke faɗin aikinsa. Gwamnati ba ta da isassun masu dubawa, don haka ta ce kowane kamfani ya nemi nasa. Kamfanin ya ba wani ɗan kwangila a Damagaram aikin.

Illa ya yi murna kamar an ce masa ɗan'uwansa na hanya. Ga wanda zai buɗe akwatin ya gane abin da yake gani, su yi magana irin ta masu sana'a ɗaya. Kwana biyar yana goge ƙura, yana ɗaure wayoyi. Har kujera ya aro, don kada baƙo ya tsaya a tsaye.

Akwai kuma abin da yake so ya nuna masa. Shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar kaka, makunni na uku ya ƙone, shi ne kuwa mai tsayar da injin. Illa ya nemi sabo, aka ce sai an aiko daga Faransa. Ya mayar da wayoyin kan na biyar, wanda ba ya aikin komai, aka ci gaba da ɓara. Sabon bai zo ba har yau. Illa bai gaya wa kowa gyaran da ya yi ba, ba don ɓoyo ba, sai don ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Ranar da ake sa ran baƙo, direban kamfani Goni ne ya sauko daga mota da ƙunshi a hannu. A ciki akwai ƙananan faranta na tagulla guda bakwai, kowanne da lambarsa da aikinsa, da takardar shaida mai hatimi biyu. Ɗan kwangilar ko ƙurar Magarya bai shaƙa ba. Zanen akwatin aka aika masa, irin yadda ya fito daga Faransa, ya duba zane, ya shaida zane. Aikin banza ke nan, yasar rijiya daga kan doki.

Farantin na uku ja ne wur. Ko wanda bai san baƙi ba ya san ja yana nufin a tsayar. Illa ya riƙe shi a tafin hannu. Ya tuna Mutari, mai zuba gyaɗa a bakin injin, wanda hannun rigarsa kullum yana lilo kusa da ƙarafa masu juyawa. Duk ranar da injin ya kama wani Illa ba ya kusa, wanda ya yi ƙarfin halin shiga ɗakin, jan farantin zai nufa, ya ja makunnin da ya mutu tun shekara uku.

Ya san abin da faɗin gaskiya zai jawo masa, kuma ba shi da wani wuri a duniya sai ɗakin nan. Duk da haka ya je ofishin Nasaran da ke riƙe da ma'aikatar, ya faɗi komai. Ya roƙi a bar shi ya kafa jan a kan na biyar, ko a kira ɗan kwangilar ya zo ya gani da idonsa.

Nasaran ya ce takarda ta ce na uku. In tambari ya saɓa wa takarda, shaida ta rushe, a rufe injin ana tsakar kaka. Ya kuma tambayi wanda ya ba Illa izinin taɓa wayoyin kamfani.

Illa ya kira shi Mushe, yadda ake kiran Faransawa, ya ce, "Ni dai hannuna ba shi kafa ja a kan makunnin da na san matacce ne."

Kafin la'asar an sallame shi. Bayan kwana biyu aka kawo wani daga Damagaram, ya kafa faranta bakwai daidai da takarda, suna ta ƙyalli. Illa ya tare shi a hanya ya yi masa bayani. Mutumin ya ce ya ji, amma shi ba a biya shi don ya yi gardama da hatimi ba, kuma kwana biyu a mako kawai zai riƙa zuwa.

Illa bai koma Dungas ba. Kullum da safe sai ya shimfiɗa tabarma a wajen shingen ma'aikatar, inda leburori ke wucewa. Duk wanda ya zo giftawa, bayan gaisuwa sai ya ce masa, "In injin ya kama wani, kada ku bi ja. Na biyar ne, in kun ƙirga daga hannun hagu."

Da farko suna amsawa da to. Daga baya suka fara cewa wutar ce ta taɓa masa kai, dama sun faɗa. Wasu suka sake hanya. Mutari, wanda dominsa aka yi duk wannan, yakan ajiye masa goro a gefen tabarma ya ce Allah ya ba da lafiya, ya yi gaba da sauri. Wannan ya fi korar yi wa Illa ciwo. Yana zaune yini guda yana sauraron ƙarar injin, in ta ɗan sauya sai ya miƙe tsaye.

Haka aka yi wata huɗu. Gyaɗa ta ƙare, aka kashe injin, aka sa wa ɗakin kwaɗo, leburori suka watse ƙauyukansu gyaran gona. Ko yatsan mutum ɗaya injin bai ci ba a shekarar, saboda haka ba wanda ya san Illa yana da gaskiya.

Ya yi hamdala, da zuciya ɗaya ya yi ta. Sannan ya tambayi mai gadi ranar da za a sake tayar da injin, don ya san lokacin dawowa.