Leda Mai Ciyuwa

"Inna, me ya sa kike dafa leda, kuma ba kya zuba mana?"

Zuwera ce, 'yata mai shekara biyar, ta tsuguna gaban murhu tana leƙen tukunya. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil ta kan iyakar ƙasa, kaya suka yi tsada a Gaya, sai ƙungiyarmu ta mata ta koyi yin leda da rogo. A gurza shi, a tace, a bar sitacin ya kwanta. A dama da ruwa, ɗan ruwan tsami na binegar da man gilisarin, a tuƙa a wuta har ya yi sheƙi kamar koko, a shimfiɗa a faranti ya sha iska kwana biyu. Da ita nake ƙulla gyaɗa da kuli-kuli. Ba ta son ruwa, kuma in ta faɗi ƙasa ruɓewa take yi.

Na yi dariya na ce, "Uwar kwaɗayi! Ai rogo ne. Ko akuya ta ci, lafiya lau."

Washegari ina shanya na ji muryarta bayan rumbu: "Ci mana, Gimbiya, Inna ta ce rogo ne." Gimbiya 'yar akuyar da kakarta ta garin Bengu ta ba ta ce, ko barci sai an raba su da ƙyar.

Na leƙa. Baƙar ledar kasuwa ce, wadda Siddo mijina ya kawo kifi a ciki, rabinta ya riga ya shige maƙogwaron Gimbiya. Na maƙe akuyar tsakanin gwiwoyina, na cusa yatsu, ina ja sannu-sannu ina salati. Ta cije ni, amma ledar ta fito duka.

Zuwera ta fashe da kuka. "Ke kika ce!"

"Ni na ce, 'yar Inna. Laifin bakina ne."

Na ɗora ta a cinya, na jawo kwanon ruwa, na jefa guntun tawa da na baƙar. Tawa ta yi laushi ta saki jiki. Baƙar tana ta yawo a sama ko a jikinta.

"Wannan mai taurin kai ce," in ji Zuwera tana share hanci.

Ke mai yin irin wannan leda a gida, kada ki ce wa yaro leda tana ciyuwa. Ba zai tambaye ki wacce ba.