Rigar malamin Mardiya

Tun daga Damagaram na ɗauko babbar rigar nan, aikin hannu, wata uku ana ɗinkinta. A gidanmu yaro ba ya sauke karatu a bar malaminsa hannu rabbana. Jikata Mardiya ta gama babban karatunta a Lyon, kuma kullum a waya sai ta ce, "Kaka, shi ya gyara mini rubutuna, shi ya fahimtar da ni."

Ina sauka ɗakinta a Bron, can gefen Lyon, ko ruwa ban gama sha ba na ce, "To, kai ni wurin mutumin nan."

Ta yi dariya, ta buɗe ordinatar, wato kwamfutarta. "Ga shi, Kaka."

"Ga wa?"

"Na'ura ce. In ka tambaye ta, ta ba ka amsa."

Innalillahi! Ni da nake sa shi a addu'a, har da iyalinsa!

Na ce, "Ke, ban son shashanci. Wa ya sa hannu a takardarki?"

"Farfesa Nassim. Yana Paris. Ta allo muke magana, ba mu taɓa haɗuwa ba."

"Shekara biyu?"

"Haka ake yi yanzu."

"A gidan uban wa?"

Washegari na sa ta yanko mana tikitin jirgin ƙasa. Muka isa jami'arsa a Paris, muka hau bene, ƙofarsa a kulle. Wai ranar daga gida yake aiki. Mardiya ta kira shi, fuskarsa ta fito a waya kamar ƙwayar goro. Ta ce, "Kaka, yi godiyarki a nan, yana ji."

Na ce, "Faɗa masa da Faransanci, kar ki rage ko kalma. Tsohuwa ta keto sahara da gwiwa mai ciwo. Ina zaune bakin ƙofar nan har ya zo."

"Kaka, don Allah, za ki ba ni kunya!"

"Kunyar ai tasa ce."

Na shimfiɗa mayafina a ƙasa na zauna. Ɗalibai suna wucewa suna kallona, ni ma ina kallonsu.

Bayan la'asar sai ga shi yana haki, da hular keke a hannu. Mutum mai fara'a, ban ƙi gaskiya ba. Amma ya wuce Mardiya da ke tsaye gabansa, ya doshi wata baƙar yarinya can gefe yana miƙa mata hannu. Sai da jikata ta ce, "Musye Nassim, ni ce."

Ya yi ja har kunnuwa. Wai bai san tana da tsawo haka ba.

Na ba shi rigar, don ba daga bakin ƙofata za a fara cewa an manta da malami ba. Ya sa, ta yi masa kyau, har yana juyi. Hular zanna da ke ƙasan jakata kuwa, ban fito da ita ba.