Ranar da Gilashin Walda Ya Tsage

Saje Mika ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da ƙafa mai ɗingishi da na'urar hangen taurari, wadda wani likitan soja ya bar masa. Da ya yi ritaya ya zauna a unguwar Rikoto cikin Zuru, sai na'urar ta zama abokiyar hirarsa. Matarsa Theresa tela ce, kuma kekenta ne ke riƙe da gidan. Ba ta taɓa hana shi ba, iyaka ta ce, "Baban Joyce, taurarin nan dai ba sa shiga tukunya."

Kafin shekarar 2006 na'urar ta tsufa. Fumfuna ta ci madubin da ke cikinta, ƙafafunta na rawa, in ya saita wata sai ya gan shi dishi-dishi kamar an shafa masa koko. Sai rediyo ta sanar cewa za a yi husufin rana a ƙarshen Maris, kuma har Zuru za a gani. Mika ya tashi haiƙan. Ya kwance madubin ya wanke shi da auduga da tataccen ruwa, ya yi ta juya kusoshin bayansa har hoto ya fito tas. Ya cire gilashin wani tsohon tabaran hangen nesa na soja ya maye gurbin na wurin sa ido. Ƙafafun kuma ya kai wa Lawwali mai walda, aka yi sababbi da bututun ruwa.

A nan ya ga baƙin gilashin da Lawwali ke kare fuska da shi.

"Mi za ka yi da shi, Saje?" in ji Lawwali.

"Rana zan duba. In ya tare wutar waldarka, ai zai tare rana."

Gilashin ƙarami ne, bai isa ya rufe faffaɗan bakin na'urar ba, don haka Mika ya yanka shi ya manna a wurin sa ido. Ya gwada da yamma, rana ta yi sanyi, ya gan ta kamar koren faranti. Daɗi ya kama shi.

Ranar husufin da hantsi, maƙwabta suka cika tsakar gida. Mika ya leƙa, ya ga wata ya fara gutsurar gefen rana. Maza suka yi layi suna dubawa suna salati, wasu na kiran sunan Yesu. Na'urar na nan a rana tana tara zafi, duk hasken da gyararren madubin ya kwaso yana taruwa a kan ɗan gilashin nan.

Theresa tana kan keke a rumfa, tana ɗinkin kayan Ista na matan coci.

"Maman Joyce, zo ki ga abin da kike yi wa gori," in ji Mika.

"Bari in gama wannan hannun."

"Ba zai jira ki ba. Taso."

Ta taso tana dariya, zare a bakinta. Ta sunkuya ta kara idon dama. "Kai! Ashe da gaske..." Sai aka ji ƙas, kamar an taka ƙwai. Ta ja baya da sauri, ta dafe fuska.

"Ba komai," ta ce, "walƙiya ce kawai. Ba ya ma zafi."

Mika ya duba gilashin, ya gan shi a tsage gida biyu. Gari ya yi ta duhuwa, kaji suka nufi akurki, jama'a na ihu suna nuna sama. Shi bai ɗaga kai ba, fuskar matarsa yake kallo.

Washegari ta kasa sa zare a allura. Ta ce duk abin da ta kalla, akwai baƙin tabo a tsakiyarsa. Suka je asibitin ido a Kaduna. Likita ya haska, ya ce hasken ya ƙona can cikin idon, kuma wurin ba ya tofowa.

A motar dawowa Mika ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Bari, Baban Joyce. Ni na taso da ƙafata."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kayan Ista aka mayar wa masu su rabi a ɗinke. Da ido ɗaya ɗinkinta ya riƙa karkacewa, masu kawo aiki suka janye sannu a hankali. Damina na faɗuwa Mika ya ɗauki fartanya, ya koma gonar mahaifinsa a Dabai yana jan ƙafa.