Babin Ƙarshe na Inna Geum-rye

"Ku yi a hankali mana, ni ba buhun shinkafa ba ce," in ji Inna Geum-rye.

Mutum biyun da suka ɗauko ta daga motar asibiti haki kawai suke yi. Mota ba ta shiga unguwarmu. A bakin titi take tsayawa, daga nan sai matakala ɗari da sittin kafin a kai layinmu. Mijinta, Baba Deok-chil, yana biye da su da jakar kayanta a kafaɗa. Ni kuma na bar keken ɗinkina na fito na riƙe masu ƙofa.

"Maman Hye-ran," ta ce da ni tun ba a ajiye ta ba, "likitoci sun sallame ni. Sun ce in zo gida in ci abin da raina yake so. Kin dai gane."

Na gane. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa.

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka. Shagona yana kallon ƙofarsu, in na miƙa hannu ta taga sai in karɓi kwano daga hannunta. Kamar yawancin tsofaffin wannan tudu na birnin Busan, daga Arewacin ƙasar nan suka zo lokacin yaƙin da ya raba ta biyu, a jirgin ruwan da ya kwaso mutane daga tashar Hungnam cikin hunturu. Baba ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi. Inna kuwa littattafai take rubutawa, labaran soyayya na lokacin yaƙi, ana sayar da su a kan tebur a ƙofar coci bayan sujada. Ta yi goma sha ɗaya. Matan zumunta na cocinmu sun karance su duka, wasu har sau uku.

Labarin kusan ɗaya ne kullum. Yarinya da saurayi 'yan coci ɗaya, yaƙi ya raba su a bakin teku, su sha wuya su riƙe addu'a, a ƙarshe Ubangiji ya haɗa su. Saurayin kullum dogo ne, mai murya, shi ke jan waƙa a coci. Baba Deok-chil kuwa gajere ne, in ya ɗauki waƙa har yara sai sun waiwayo. Kowa a cocinmu ya san akwai wani Yeom Jin-seop da aka yi wa Inna baiko da shi a can gida, wanda bai iso Kudu ba. Mata kan ce Allah ya taimaki Baba da bai yi makaranta sosai ba, ba ya karanta abin da matarsa take rubutawa.

Kwana biyu da dawowarta ta aiko shi ya kira ni. Na same ta a kan shimfiɗa a ƙasa, an jingina ta da matasai, ga takardu a kan cinyarta.

"Na goma sha biyu ne, saura babi biyu," ta ce. "Hannun ya ƙi. Dubi abin da na rubuta ɗazu, kamar kaza ta yi tono. Ke rubutunki yana karantuwa."

"Inna, ki huta mana."

"Hutu na nan zuwa, mai yawa ma. Ɗauki biro."

Haka muka fara. Kowace rana bayan abincin rana nakan rufe shago in je. Ta faɗa, in rubuta. Wani lokaci takan yi shiru har in zaci barci ya ɗauke ta, sai in ji ta ce, "Goge wancan, yarinyar ba za ta faɗi haka ba." Baba yana zaune a bakin ƙofa da tire a gabansa, yana cire kawunan ƙananan busassun kifi na miya. Kunun shinkafa yake dama mata safe da yamma, ta sha cokali uku ta ture.

"Gishiri ya yi yawa."

"Jiya kin ce babu gishiri."

"Jiya babu, yau ya yi yawa. Shekara hamsin ba ka koyi tsakiya ba?"

Rana ta biyar muka kai wurin da yarinyar take tuna rabuwarsu. Inna ta rufe ido tana faɗa. Dusar ƙanƙara tana sauka, yarinyar tana cikin jirgi, saurayin yana tsaye a bakin tasha yana ɗaga mata jan mayafi, yana cewa zai biyo ta a jirgi na gaba.

"Ba a yi ƙanƙara ba ranar," in ji Baba daga bakin ƙofa.

Inna ta buɗe ido. "Wa ya tambaye ka?"

"Iska ce kawai. A littafi na uku ma kin sa ƙanƙara, da na bakwai. Ba a yi ba."

Biro ya tsaya a hannuna. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Kai tsohon nan, karanta su kake yi?"

"A rumfar tsofaffi, can ƙasa. Da gilashin ƙara girman rubutu. Kowane ɗaya wata uku yake ɗaukata."

"Shekara nawa?"

"Tun na farko."

Ya ajiye tiren, ya goge hannunsa a wando, ya shigo ya durƙusa kusa da shimfiɗar. Na fara tattara takardu zan fita. Inna ta riƙe gefen rigata.

"Zauna," ta ce. "In ya faɗi ƙasa ni ba zan iya ɗaga shi ba."

Baba bai dube ta ba, tabarma yake kallo.

"Geum-rye, Jin-seop bai tsaya a bakin tasha ba. Babu wani jirgi na gaba. Bayan ni da shi mun ɗora ki a jirgi, muka koma ɗauko kayan mahaifiyarsa. Da muka dawo an janye tsani, sai ragar igiya da aka sako ta jikin jirgi. Ni ina gaba, shi yana bayana da ƙunshi a baya. Mutane suna taka juna. Hannunsa ya daskare. Na ji ya kira sunana sau ɗaya, na waiwaya, na ga ya faɗa tsakanin jirgi da kwalekwalen da ya kawo mu. Bai taso ba. Na tsaya ina kallo har na ƙasa da ni suka fara dukan ƙafata in hau. Da na same ki kika tambaye ni, na ce yana jirgi na gaba."

Ana jin wata mata a ƙasan layi tana kiran karenta.

"Na sani," in ji Inna.

Ya ɗago kai.

"Ka zo mini da takalminka ɗaya, kunnuwanka ja wur, ka kasa kallona. Kwana uku a cikin jirgin nan duk abin da ka samu ni kake ba, kai ba ka ci. Mutumin da abokinsa yake jirgi na gaba ba ya yin haka."

"To me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Da na tambaya da ka faɗa. Kai ba ka iya ƙarya sau biyu ba."

"Amma shekarar da gidan talabijin ya yi neman 'yan'uwan da suka ɓace, kin ja ni har Seoul. Kwana tara ina riƙe da kwali mai sunansa a cikin rana."

"Na ja ka." Ta numfasa. "Na sani, kuma ban sani ba. Muddin ba ka faɗa da bakinka ba, wata safiyar nakan tashi yana da rai. Ya tsufa a wani gari, yana da jikoki. Wannan ya ishe ni in yi wanki in dafa abinci. Kai ma ka ɗauki naka nauyin, ni ma na ɗauki nawa."

"Na roƙi Ubangiji gafara kullum."

"Shi ya daɗe da yafe maka. Ni ce dai ban ba ka dama ba. Tashi daga durƙuson nan, gwiwarka za ta kumbura, kuma ni ba zan shafa maka magani ba."

Bai tashi ba, sai dai ya zauna sosai. Ya share fuska da bayan hannu. Can ya ce, "Littafi goma sha ɗaya. Ko mai sayar da kifi ba ki taɓa sa ni ba."

"Kai kam! Wata uku-uku kana karatu ba ka ga kanka ba? Wa yake ɗaukar wa yarinyar kaya a kowane littafi? Wa yake samo mata bargo?"

"Ɗan dakon nan?"

"To wa?"

"Ai a na huɗu kin kashe shi. Mota ta take shi."

"Ka ɓata mini rai a shekarar."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Inna ma ta fara, sai ciwo ya kama ta a haƙarƙari, ta riƙe wurin tana cije baki. Baba ya tallafe ta har ya lafa. Ranar ba mu ƙara rubuta komai ba.

Washegari da na je ya sauka kasuwa sayo ganyen teku na miya. Na zauna na buɗe takardun, na ce, "Inna, babin ƙarshen fa? Za mu canza shi ne?"

"A kan me?"

"Na ga yanzu da aka faɗi gaskiya…"

"Gaskiyar tawa ce da tsohon nan, ba ta sayarwa ba ce. Kin san matar da ke zama a layi na biyu a coci, mai farin gashi? Mijinta ta bari a Arewa da ɗa na goye. Duk littafin da ya fito, ƙarshe take fara buɗewa ta ga ko sun haɗu. Ni ce zan hana ta? Rubuta. A ƙofar coci za su haɗu, ranar Ista. Shi zai fara ganin ta."

Na rubuta. Kwana biyu muka yi a kai, don muryarta ta fara shigewa, sai na kai kunne kusa da bakinta. Abu ɗaya kawai ta sa na koma na gyara a baya: ta ce in cire ƙanƙarar, in sa iska.

Bayan nan ba ta ƙara neman biro ba. 'Yarsu Bok-sun ta zo daga Daejeon. Fasto ya hawo matakalar da matan zumunta shida, suka yi waƙa a tsaye don ɗakin ba ya ɗaukar su a zaune. Inna ta bi su da leɓe. Da suka gama ta yafito ni, ta ce, "Ta ukun nan daga hagu kullum sai ta riga kowa shiga waƙar."

Ranar Alhamis da safe, wajen ƙarfe tara, ina yanka yadi, Bok-sun ta leƙo ta taga ta ce in zo. Numfashin Inna ya canza, yana ja yana tsayawa. Baba yana zaune ta wajen kanta, yana jiƙa mata leɓe da auduga. Bok-sun ta buɗe Zabura tana karantawa, ta kasa, na karɓa. Ban kai ƙarshen shafin ba Baba ya ce, "Ya isa, Maman Hye-ran. Ta tafi."

Shi ya rufe mata ido. Ya gyara mata gashi ta bayan kunne, ya ja bargo ya rufe ƙafafunta da suka fito. Sannan ya dubi agogon bango ya faɗi lokacin da ƙarfi, tara da minti ashirin, don a rubuta.

Mutanen da suka sauko da ita sun fi na farko sauri, don ta ragu ƙwarai. An yi kwana uku ana karɓar gaisuwa. Mata da yawa da ban taɓa gani ba sun zo daga wasu coci-coci, kowace ta ajiye farin fure a gaban hotonta. Baba ya tsaya a gefe cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, yana sunkuya wa kowa. Bok-sun ta so ta tafi da shi Daejeon, ya ce a'a, can babu wanda ya sani.

Littafin ya fito bayan wata biyu, an sa sunana a ciki da ƙananan baƙaƙe, wai wadda ta rubuta da hannu. Na kai masa guda ɗaya. Ya juya shi gaba da baya, ya ce sai bazara zai gama.

Da sanyi ya shigo muka yi kimchi na shekara, wato kabejin da ake jiƙawa da gishiri da yaji a ajiye, ni da matan layi, na ɗebi nasa a roba na kai masa. Na same shi a bakin ƙofa inda rana take sauka, da rigar sanyinsa a cinya, maɓalli ɗaya ya cire. Yana riƙe da allura a nesa da fuskarsa, yana neman kafar da zare.

"Baba, kawo in sa maka. Ga shago nan."

"Bar shi, ya kusa shiga."

Na ajiye robar a ciki na koma kan kekena. Ta taga ina hango shi. Ya lashi bakin zaren, ya murza shi da yatsu, ya sake ɗaga allurar sama wajen haske.