Motar Kumasi a Gonar Yamba

Ana cikin loda tumatirinsa a motar Kumasi, Yamba ya sulale ya zauna a ƙasa, ya dafe ƙirji. Ina kallo daga gonata, kunya ɗaya ce ta raba mu. Ban motsa ba. A raina na ce, mutum ya yi ciniki har ya gaji.

Shekara huɗu ke nan motar nan tana wuce ni. Mu sai mu jera kwanduna a bakin titin garin Yako, rana na dafa kayan, muna jiran dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama. Yamba kuwa ya tashi ya tafi har Kumasi, ko gaisuwarsu bai iya ba, ya dawo da lambar wayar wata mai sari, Madam Adwoa. Tun daga nan ita ke bugowa ta faɗi ranar zuwa. Ya yi rufin kwano. Ya sayi injin ban ruwa, ƙararsa ke tashina kullum.

Ya taɓa ce mini, "Nobila, nawa kaɗai ba ya cika motar. Ka riƙa ware manya da ƙanana, mu haɗa."

"Ni za ka koya wa tumatir? Ina shuka shi kana kiwon awakin babanka."

Bai ƙara ba. Ya haɗa da wasu mata na ƙasan dam.

Kwana uku da dawo da shi daga asibiti, matata Poko ta ce, "Har daga ƙauyen gaba an zo dubiya. Kai da katanga ɗaya ta raba ku fa?"

Na same shi kwance a gindin mangwaro, tuwon da aka ajiye masa ya yi ɓawo.

"Ka zo ganin ko na mutu?" ya ce.

"Irinku ba ku mutuwa ana tsakiyar kaka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Rabin gonar ba a tsinka ba. Madam na zuwa Laraba. Talato ba za ta iya ita kaɗai ba."

Wayarsa na gefen matashi, idona na kanta. Ya ɗauka, har na gyara zama, sai ya miƙa wa matarsa Talato.

"Ita za ta riƙa magana da su. Kai dai ka tsinka mata. Hannunka ya fi nawa, ba ka fasa ko ɗaya."

Ko yabon bai shige ni ba.

Yamba ya cika ranar Litinin da hantsi. Na tsinka gonar tsaf, kamar yadda ya roƙa. Laraba motar ta iso. Madam Adwoa ta sauko cikin baƙin zane da jan ɗankwali, shigar makokinsu, ta durƙusa gaban Talato tana kuka da yarenta. Na tsaya ina tunanin wa zai ƙetaro iyaka saboda ni. Dillalin da na shekara goma ina sayar wa, har yau "mai hula" yake ce mini.

Da aka gama lodi, Talato ta zo da jajayen idanu, ta kira ni da sunan ɗana.

"Baban Sibiri, akwai sauran wuri. Kawo naka."

"Nawa bai nuna ba."

Ta dubi gonata ta bayan kafaɗata, ja wur har bakin ruwa. Madam ma ta duba. Direba ya ɗaure tamfal, motar ta haura titi da rabin bayanta fayau.

Da la'asar na koma gida na tarar Poko ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, kwandunanmu kewaye da ita. Tana yanka tumatir gida biyu tana jerawa a rana. Na yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba.